Ƙullin da Ba na Girdhari Ba

Malaminmu, Ubangiji Ya ɗaukaka darajarsa, masani ne ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda ya haddace littattafan magabata tun gemunsa bai tsiro ba, amma ya zaɓi zama a wata bukkar dutse a gindin hanyar da ke hawa zuwa mafarin kogin Yamuna, ba ya karɓar komai daga masu ziyara sai gaisuwa. Karamominsa ba su ƙirguwa, sai dai akwai wadda har yau Girdhari masaƙin bargo, wanda abin ya faru a kansa, bai gane kanta ba.

'Yar Girdhari, Tulsa, ta tashi daga zazzaɓi amma ta daina cin abinci, ko madara aka ba ta sai ta dawo, har wuyanta ya kasa ɗaukar kanta. Shi da matarsa Bimla suka goyo ta zuwa gaban malam, ya dube ta cikin natsuwa ya ce, "Ta zauna nan da uwarta. Kai ka hau, ka dafo mata shinkafa a maɓuɓɓugar ruwan zafi."

A gefen wani ɗakin bauta da ke can sama ruwan nan yake tafasa a tsakiyar ƙanƙara, inda mai ziyara ke ƙulla shinkafa a jan ƙyalle, ya ambaci buƙatarsa a kai, ya zura da igiya har ta dahu. Bimla ta ƙulla tasu tana kuka tana kiran sunan Tulsa. Girdhari ya hau, ya ɗaure igiyarsa a ƙarfe cikin turmutsutsu, ya shiga ɗakin bautar ya yi gaisuwa. Da ya fito, tururi ya rufe wurin, igiyoyi kuwa duk kamarsu ɗaya. Bawan Allah ya jawo wadda zuciyarsa ta ba shi, ya kama gangara.

Ya yi nisa kafin wani mai alfadari ya leƙa hannunsa. "Ɗan'uwa, wace irin shinkafa ce wannan mai ƙulu-ƙulu?" Girdhari ya latsa ƙullin, ya ji dankali. "Ai shi ke nan," in ji mai alfadarin yana dariya, "ka sato addu'ar mutane."

Hankalinsa ya tashi. Ya koma sama yana haki, yana tare mutane yana tambayar wa ya ga shinkafarsa. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, duk nan shinkafa muke riƙe da ita. Taka tana da suna ne a goshi?" Ya rasa na yi: ya jefar ba dama, abu ne mai albarka, ya sake dafa wata, ba hannun Bimla ya ƙulla ba, ya kai wannan, ba sunan 'yarsa aka kira a kai ba. Haka ya sauko cikin ruwa da sanyi, ƙullin ya sandare a hannunsa kamar dutse.

Ya zube gaban malam da ƙullin a hannu. Bimla ta ce, "Baban Tulsa, mene ne wannan ka kawo mini?" Malam, Ubangiji Ya ƙara masa yarda, ya karɓi ƙullin ya ɗora tafinsa a kai, ya kwance, sai ga tururi yana tashi kamar yanzu aka tsamo shi. Yarinyar da ta kasa ɗaga kai ta miƙo hannu, ta cinye ɗaya, ta nemi ƙari.

Bimla ta fashe da kukan murna, shi kuwa Girdhari ya ƙara rikicewa. "Ranka ya daɗe, ai wani ya ƙulla wannan don nasa marar lafiyar. Shi fa?"

Malam ya ce, "Shi ma yana can yana cewa, mai shinkafar fa?"

Tulsa ta warke, yau har tana da nata 'ya'yan. Girdhari ya tsufa bai san wanda ya ci shinkafarsa ba, bai san ko ya rayu ba, kuma duk addu'ar da zai yi wa 'yarsa sai ya haɗa da mai dankalin. Ubangiji Ya saka wa malaminmu da mafificin alheri, Ya sa albarkarsa ta kai gare mu, da wannan bawan da ba mu san sunansa ba.