Garejin da Yake Gumi

Akwai wani mutum mai gida a gindin tudu, dattijo ne a ikilisiyarsu, irin wanda ko ruwan sha zai roƙa sai ya gyara murya tukuna: "Ehem, ehem." Yana da gareji a gefen gida. Motarsa ta tsufa an sayar tuntuni, garejin ya koma rumbu. A nan ya jibge buhunan masararsa, abincin iyalinsa ke nan har sabuwa ta nuna.

Da damina ta yi nisa, sai daɓen garejin ya fara gumi. A goge da safe, kafin rana ta take ya sake jiƙewa. Buhun da ke ƙasa ya soma fumfuna.

Matarsa ta ce, "Baban Ladi, masarar nan za ta ruɓe fa. Me za mu ci kafin kaka?"

"Ehem. Kwano ne ke yoyo."

Ya hau tsani, ya bi kowace ƙusa ya liƙe da kwalta. Daɓe bai daina gumi ba.

"Ehem. Simintin ne ya tsufa."

Ya kwashe buhunan, ya malala sabon siminti a kan tsohon, ya yi sumul har yana kiran masu wucewa su zo su gani. Ba a daɗe ba damshi ya sake ɓullowa, a daidai inda yake da.

Maman Ladi ba ta yi gardama da shi ba. Ta yanko leda, ta shimfiɗa a kan daɓen, ta danne gefe-gefenta da duwatsu, ta bar ta ta kwana. Da gari ya waye ta kira shi.

"Taɓa samanta."

"A bushe take."

"To, ɗaga."

Ya ɗaga. Ƙarƙashin ledar sharkaf da ruwa.

Ta ce, "Ka gani? Ka bar kwanon nan ya huta, bawan Allah. Ruwan daga ƙasa yake tasowa."

"Wa ya kawo ruwa ƙarƙashin garejina?"

Sai ta kai ido wajen katangar baya. Nan take ya gane, don ya san abin da ke wurin.

A unguwar, al'ada ce ruwan saman gidan da ke tudu ya bi ta kafa a gindin katanga, ya ratsa kwatar gidan da ke gangare, ya fita titi. Ba a hana ruwa hanya. Amma a wata shekara akuyar maƙwabcinsa na tudu, Zakka, ta cinye masa tumatir, aka yi musayar baƙaƙen maganganu. Cikin fushi dattijon ya cusa duwatsu a kafar, ya liƙe da siminti, yana cewa, "Ehem, ruwan Zakka ya nemi hanyarsa!"

Ruwa kuwa ya nema. Ya taru a bayan katanga, ya nutse a hankali, ya sami masauki a ƙarƙashin garejin.

Ga shi kuma toshiyar ba ta fasuwa sai an buge ta daga tsakar gidan Zakka, inda bai sake taka ƙafa ba tun ranar tumatir. Majami'a ɗaya suke sujada, waƙa ɗaya suke rerawa, amma in an ce a gai da juna sai kowa ya shiga gyara hularsa.

Ya daɗe tsaye yana duban buhunan. Sa'an nan ya fita, ya zagaya, ya yi sallama a ƙofar Zakka. Ya nemi "ehem" ɗinsa, ta ƙi fitowa.

Zakka ya leƙo. "A'a, Dattijo! Ɓatan hanya ka yi?"

"Na zo buɗe kafar ruwa ne. Na yi maka laifi, ɗan'uwa. Ka gafarta mini."

Zakka ya yi dariya. "Kajina sun kusa ƙwarewa a iyo. Ni ma ai akuyata ba ta kyauta ba. Tsaya in ɗauko diga."

Suka fasa toshiyar tare, ruwa ya bi kwata ya fice. Suka shanya masarar, suka ɗora buhunan a kan katako. Buhun ƙasa ya riga ya lalace, sauran kuwa suka kai iyalin har kaka. Da rani ya shigo, suka farfasa daɓen, suka zuba tsakuwa, suka shimfiɗa leda, sa'an nan siminti. Garejin bai ƙara gumi ba.

To, yara, ga ma'anar misalin nan. Garejin zuciyarka ce, masarar kuwa salama da farin cikin da Ubangiji ya ba ka. Toshiyar ita ce ƙin gafartawa. Kana tsammani ɗan'uwanka kake yi wa horo, alhali fushin yana nutsewa a ƙarƙashinka, yana ruɓar da abin da kake rayuwa da shi. Za ka iya ɗora laifi a kan kowa, kamar yadda dattijon ya ɗora wa kwano. Za ka iya rufe shi da sabon siminti: kayan Lahadi, da murya mai daɗi a ƙungiyar waƙa. Damshin zai sake fitowa. Maganar Allah ita ce ledar nan, tana nuna maka daga inda ɓarnar take tasowa.

Kowannenku ya san Zakkansa. Wata ma nata yana zaune kusa da ita yanzu, na ga ta sunkuyar da kai. Kada ku jira buhu na biyu ya ruɓe. In an tashi, ku je ku yi sallama, ko da "ehem" ɗin ta ƙi fitowa.