Gishirin Gwaggo Tasalla

Ku gyara zama, yau na zo muku da maganar da ba ta ƙarewa sai da gardama. Kuma kada wani ya ce na ƙara mata gishiri, wanda ke cikinta ma ya ishe ta.

A wani gari an yi wasu mata huɗu masu girkin biki. Shugabarsu ita ce Gwaggo Tasalla, mai miya. In ta haɗa miyar taushe, sai ka ga dattijo da gemunsa yana ci yana santi, yana zuba zance marar kai. Tare da ita akwai Hansatu mai tuƙa tuwo, wadda take matar ɗanta, da Ladingo mai waina, taubashiyar ita Tasalla, sai Barira mai dafa shinkafa.

Wata damina Tasalla ta kwanta zazzaɓi da mura. Ta warke sarai, amma harshenta bai tashi tare da ita ba, ita kuwa ba ta sani ba. In ta ɗanɗana miya sai ta ji ta lami, ta ƙara gishiri, ta sake ɗanɗanawa, ta sake ƙarawa. Mutanenmu kuwa kun san su da kara. "Sannu da aiki, Gwaggo, Allah ya ƙara albarka," in ji su, amma in wani bikin ya tashi sai su kira wasu. Tasalla ta ɗora laifin a kan mahassada. Ana cikin haka Sarkin Pawa ya aiko, zai yi wa ɗansa aure, su yake so su yi girkin walima. Gari duka zai ci a wurin. In miya ta ɓaci ranar, sunan da Tasalla ta yi shekaru tana ginawa ya rushe, su huɗun kuma sai dai kowa ta nemi wata sana'a.

Hansatu ce ta fara gano inda matsalar take. Ta lura kwanuka suna dawowa an tsince nama an bar miya, randar ruwa kuma ba ta daɗewa take ƙarewa. Ta lura an daina santi. Ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba, sai da ta ga surukarta ta zuba yaji mai yawa a bakinta ko ido ba ta ƙifta ba. Nan ta tabbata ba hannu ne ya lalace ba, harshe ne ya yi barci. Amma yaya za a yi matar ɗa ta dubi uwar mijinta ta ce miyarta ta ɓaci? Ba ta kai zancen tsakar gida ko bakin rijiya ba, ta tafi wurin Ladingo ita kaɗai.

Ladingo kuwa bakinta ba ya jin tsoron kowa, balle Tasalla da suka tashi suna tsokanar juna. Duk da haka ba ta yi maganar a gaban mutane ba. Ta dama koko, ta zuba gishiri a madadin sukari, ta sami Tasalla a ɗaki da hantsi.

"Ungo, baiwata, sha ki gode wa uwargijiyarki."

Tasalla ta shanye tas. "Ya yi daɗi, sai dai kin yi rowar sukari kamar kullum."

"Babu sukari ko ƙwaya, gishiri kika sha," in ji Ladingo, wannan karon ba dariya. "Ke Tasalla, a garin nan babu mai hannunki a miya, har gobe. Amma tun ciwon nan harshenki ba ya gaya miki gaskiya, gishiri yana yawa. Gara ki ji daga bakina da ki ji daga bakin mahauta."

Ran Tasalla ya ɓaci ƙwarai. Ta so ta kore ta, sai ta tuna gidajen da suka daina kiran su. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya. Ta tara sauran ukun ta ce ta gode, ta kuma ajiye ludayi, a nemi wata mai miyar. Wannan kuwa ya fi na farko muni, don babu wadda ta san haɗin sai ita.

Sai Barira, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗauki ludayin ta mayar mata a hannu. Ta ce, "Gwaggo, harshe ne kawai ya tafi hutu. Idonki ya san kaurin miya, hannunki ya san lokacin daddawa. Ki riƙe tukunya, ni in zama harshenki." Suka yi ta gwaji a ƙaramar tukunya. Barira ba ta cewa "ta yi" don a ji daɗi. Sai ta ce tsami ya ɗan fito, ko gishiri ya isa haka, Tasalla ta gyara. Da abin ya yi wa Tasalla daɗi, ita ma ta buɗe baki: shinkafar Barira tana caɓewa a ƙasan tukunya, wainar Ladingo kuma tana shan mai kamar fitila. Ladingo ta yi tsalle ta ce ramuwa ce, amma washegari an ga ta rage man.

Ranar walima Sarkin Pawa ya kai loma ta farko, ya haɗiye. Tasalla tana leƙe ta bayan zana. Ya kai ta biyu, sai aka ji ya ce, "Jama'a, da miyar nan tana da waliyyi, da yau an ɗaura aure biyu." Wurin ya kece da dariya. Santi ya dawo, Tasalla ta share hawaye da bakin zanenta.

Da yamma ya aiko mata da tukwicin tunkiya mai ciki. Tasalla ta ce ita ba ta taɓa ta, a ba wadda ta cece su. Ba don Hansatu ta gani ba, da babu abin faɗa. Ba don Ladingo ta faɗa ba, da ganin ya ruɓe a ciki. Ba don Barira ta kawo dabara ba, da faɗar ta rusa sana'ar gaba ɗaya. Su ukun kuma suka haɗa baki suka ce a'a, wadda aka gaya wa magana mai ɗaci ta haɗiye, har ta ce ta gode, ita ce ta yi aikin da ya fi wuya. Tunkiya dai tana nan ɗaure a turke, tana cin dusarta hankali kwance.

To, ku da kuka ji, wa za a miƙa wa igiyar: mai gani, mai faɗa, mai gyara, ko wadda ta haɗiye?