Kujerar Gaba a Motar Sallau

An ce wai an yi wani direba a tashar Funtuwa mai suna Sallau, amma abokan sana'arsa Sha-kwana suke ce masa, domin in ya hau titi ba ya ƙaunar ganin bayan wata mota. Yana jigilar fasinja tsakanin Funtuwa da Malumfashi, shekara goma sha tara bai taɓa take ko kaza ba, wannan kuwa shi ya kumbura masa kai.

Wata ranar kasuwa ya keta wani ƙauye da mutum goma sha huɗu a bas ɗinsa, yana gudun da ya ninka abin da doka ta yarda. Wata mai tallar nono da ke tsallaka titi sai da ta yar da ƙwaryarta ta faɗa kwata, Allah ya kiyaye ba ta karye ba. Jami'an hanya suka tare shi, washegari suka gurfanar da shi gaban wani dattijon alƙali, Malam Zubairu.

Sallau ya san abin da ke jiransa: a karɓe lasisi, shekara guda ba tuƙi. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, na yi laifi, ban musa ba. Amma sitiyarin nan shi ne gonata, shi ne rumbuna. Baki tara nake ciyarwa. In aka raba ni da shi, ba ni kaɗai aka hukunta ba."

Alƙali ya shafa gemu yana auna lamarin. In ya karɓe lasisi ya horar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, in kuma ya sake shi haka kawai, ranar da aka kwashi gawa a titi da hannunsa a ciki.

Ana nan sai wata tsohuwa ta miƙe daga bayan ɗaki. Inna Kande ce, mahaifiyar Sallau. Ta ce, "Malam, a ba ni dama. Ni dai ban san yaron nan da gudu ba. Ranar da ya kai ni asibiti, da kwanon koko a cinyata na tafi, ko ɗigo bai zuba ba."

Sallau ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka an wanke shi. Alƙali kuwa ya juyo ya ce, "Haka aka yi, Sallau?"

"Haka aka yi."

"Me ya hana ka gudu ran nan?"

"Allah ya gafarta malam, ai uwata ce na ɗauko."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Ashe ba rashin iyawa ba ne, rashin sani ne. Kana tsammani waɗanda ka ɗauko jiya daga sama suka faɗo? Kowace a cikinsu uwar wani ce, kowane ɗan wata ne, mai nono ma akwai masu jiran dawowarta. To ga hukunci. Ka je ka nemi gafararta, ka mayar mata da abin da ta yi asara. Lasisinka na bar maka, amma kwana arba'in ba za ka tayar da mota ba sai Inna tana kujerar gaba. Ranar da aka gan ka ba ita, shekararka ta fara. Inna, kin yarda?"

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ni da zaman ɗaki ya ishe ni? Ga ƙanwata a Malumfashi, rabona da ita tun sallah."

Ranar farko ƙafar Sallau ta yi ta ƙaiƙayi. Duk motar da ta wuce shi sai ya ciji leɓe, amma da ya taka totur kaɗan sai ya hango Inna a gefensa tana jan carbi, ƙafar ta ɗago da kanta. Da suka isa ya duba agogo, ya ga duk abin da yake saida rai a kansa bai wuce minti goma sha biyar ba. Kafin mako biyu, mata masu ƙwai da masu goyo sun fara ƙyale motar da ke kan layi suna cewa ta Inna suke jira. Ita kuwa Inna ta yi ƙawaye a tasha biyu, har ta yi ƙiba.

A rana ta arba'in da ɗaya ya fito shi kaɗai, babu mai tsare shi, titi fetal. Wata tsohuwar da bai taɓa gani ba ta zo da ƙullin kayanta. Ya zagayo ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ce, "Shigo nan, Inna." Ya ja mota a hankali.

Shi ya sa masu hikima suka ce, wanda ya ɗauki uwar wani tamkar tasa, ba ya bukatar mai gadi a kan hanya.