Ranar da Fergus Ya Bi Ta Kan Rufin Anti Beryl

Akwai wani mutum a yankinmu na yammacin Kwinslan a ƙasar Ostireliya, ana ce da shi Fergus Tolhurst. Makiyayin shanu ne, mai sanyin hali, irin mutanen nan da ko ƙafarsu ka taka su ne za su ba ka haƙuri. Yana da ɗan jirgin sama fari mai kujera huɗu, da shi yake zuwa gari sayayya, don hanyar mota wuni guda ce in ta yi kirki.

Kafin ya share filin sauka a bayan gidansa, sai ya sa hularsa ya tafi wurin maƙwabciyarsa neman izini. Doka ba ta ce ya yi ba, shi ya ga ya dace.

Maƙwabciyar ita ce Beryl Haddow, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Anti Beryl yake ce mata. Ita kaɗai take zaune da karnukanta uku da tumakinta. Bakinta kuwa reza. Ko limamin coci sai ya shirya kafin ya tsaya a ƙofarta.

Ta zuba masa shayi, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Kai yaro, ka san halin tumakina?"

"Na san kaɗan, Anti."

"Ba ka san komai ba. Tunkiyar ulu ba ta da wayo ko na kwabo. Ta haihu yanzu, ta ji ƙara a sama, sai ta zura da gudu ta manta ta taɓa haihuwa. Kafin ta tuna, hankaka ya cire wa ɗan ido. Ka ga rufin nan nawa? Ka ga filin tudun can inda suke haihuwa? Kada in ji kwankon jirgin nan naka a kansu."

Fergus ya ce, "An gama, Anti."

Faɗi da baki ya fi komai sauƙi. Hanyar da ta miƙe sumul zuwa filin Fergus ta kan gidan Anti Beryl ta bi. Ɗaya hanyar sai ka zagaya ta bakin kogi, ka rage ƙarfin inji, ka sulalo ta tsakanin dutse da dogayen itatuwan turare, kana addu'a kada wani kangaru ya ga dama ya tsaya maka a tsakiyar ciyawa. Ta nan Fergus ya riƙa bi. In iska ta juya ta hana, sai ya kwana a gari.

Shekara ta bi shekara yana haka. Kuna tsammani ta taɓa cewa an gode? Ko sau ɗaya. In suka haɗu a kasuwar dabbobi ma, sai ta ce shanunsa sun rame.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Clarrie, ƙanin Maureen matar Fergus. Direban babbar mota ne, mai surutu kamar an kunna rediyo an ɓalle maɓallin. Duk ranar da ya shiga jirgin sai ya tsokani mijin yayarsa.

"Suruki, wai sama ta ubanta ce? Ko takarda gare ta?"

"Ba ta da ita."

"To ka miƙe mana! Namiji har namiji, tsohuwa ta sa maka linzami. Yaya Maureen ta auri ɗan aiken Anti Beryl."

Fergus sai ya yi murmushi ya karkata ta bakin kogi. "Ni na ce an gama, Clarrie. Ba ta tilasta ni ba."

A shekarar da abin ya faru, an yi ruwa mai yawa can arewa. Mu nan ko ɗigo ba mu samu ba, sama tas kamar an wanke. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ruwan arewa ba ya zama a inda ya sauka. Yakan gangaro a hankali, shiru, ya cika kowane kwari. An ce zai iso ƙarshen mako. Sai Fergus ya ɗauki Clarrie suka tafi gari su kwaso gari da sukari da maganin dabbobi kafin hanya ta yanke.

A hanyar dawowa iska ta tare su gaba da gaba. Jirgi yana ta gurnani amma ƙasa kamar ba ta motsi. Man da Fergus ya ajiye don ko-ta-kwana, iskar nan ta shanye shi kaɗan-kaɗan. Bai damu sosai ba, don gida ya kusa.

Da suka tsallake jerin duwatsun ƙarshe, Clarrie yana tsakiyar ba da labarin wata mai sayar da abinci, sai ya katse ya ƙura wa ƙasa ido.

Ƙasar da suka bari da safe babu ita. Daga gindin duwatsu har inda ido ya ƙare ruwa ne, shimfiɗe, yana ɗaukar ido. Kogin da yaro ke tsallakewa ya zama teku. Kawunan itatuwa kaɗai suka leƙo, tsuntsaye farare dubu bisa dubu suna shawagi a kansu, Allah kaɗai ya san daga inda suka fito. Fergus an haife shi a ƙasar nan, amma tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba.

Muryar Maureen ta fito ta oba-oba. "Fergus, kana ji na? Ruwa ya riga lokaci. Ya shanye filin saukarmu, har ya kai gindin tankin ruwa. Kada ka gwada. Ku koma gari."

Fergus ya dubi allurar mai. Ta kwanta.

"Ba zai kai mu ba, Maureen."

"Filin saukar maƙwabtanmu su Pendergast fa?"

"Mun wuce ta kansa. Agwagi ke iyo a ciki."

Clarrie ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Suruki, bar wasa. Ka ce min wasa kake yi."

Fergus yana ta duba ƙasa. A duk faɗin ruwan nan wuri ɗaya ne busasshe, mai tsawo, shimfiɗaɗɗe: filin tudun Anti Beryl. Kuma cike yake maƙil. Tsohuwar ta kwaso duk tumakinta daga kwari ta tara su nan saboda ambaliya, ga shi lokacin haihuwa ne. Daga sama filin fari fat, ko inda za ka ajiye ƙafa babu. Jirgi in ya sa taya a kan tunkiya ɗaya, kifewa zai yi.

"Maureen, kira Anti Beryl."

"Na kira har na gaji. Tana waje, ba ta kusa da waya."

Clarrie ya damƙe masa hannu. "Ka sauko ƙasa-ƙasa ka watsa su! Ka tsorata su mu samu hanya!"

"In na watsa su, cikin ruwa za su faɗa, kuma ba hanya za su ba mu ba, cakuɗewa za su yi. Sake min hannu."

Abu ɗaya ya rage masa, kuma zuciyarsa ta yi nauyi da shi. Ya juya hancin jirgin, ya nufi gidan tsohuwar. A karo na farko tun da ya sayi jirgin, Fergus ya bi ta kan rufin Anti Beryl. Sau ɗaya ya bi, can gefen gidan da ya yi nesa da tumaki, ya kaɗa fikafikai, ya hau sama ya fara zagaye.

Daga nan sai jira. Inji ya yi tari sau ɗaya ya ci gaba. Clarrie, wanda rabonsa da coci tun ranar auren yayarsa, ya fara karanto duk addu'ar da ya tuna.

Can sai ga ƙura ta tashi daga bayan rumfar askin tumaki. Wani ɗan babur mai ƙafa huɗu ya fito a guje, da faffaɗar hula a kansa, karnuka uku suna biye. Bai nufi tumakin ba. Ya nufi shingen waya na gefen dutse, ya tsaya. Fergus ya ga hular ta sauka, ta sunkuya, sai ga waya ta zube. Tsohuwa ta yanke shingenta da hannunta.

Abin da ya biyo baya, Fergus ya ce har ya mutu ba zai manta ba.

Karnukan suka rabu. Ɗaya ya zagaya ta gabas, ɗaya ta yamma, na ukun ya kwanta a bakin inda aka yanke shingen. Daga sama ba a jin fito, ba a jin haushi, sai dai a ga farin nan ya fara motsi gaba ɗaya. Ya lanƙwasa, ya tattaru, ya fara zuba ta inda aka yanke shinge zuwa gangaren dutse, kamar ana tsiyaye nono daga ƙwarya. A bayansa koren fili ya riƙa buɗewa, kaɗan-kaɗan, dogo, miƙaƙƙe, a tsakiyar tekun nan. Tsohuwa ɗaya da karnuka uku.

Clarrie ya ce a hankali, "Ya Allah. Hanya take yi mana."

Amma Fergus makiyayi ne, ya ga abin da Clarrie bai gani ba. A cikin koren akwai ɗigo-ɗigon fari da ba su bi garke ba. Jarirai ne, iyayensu sun tafi sun bar su. Ya ga babur ɗin yana bi yana tsayawa, tsohuwar tana sunkuyawa tana kwashe su daga tsakiya tana ajiyewa gefe. Abin da ta yi shekaru tana karewa, yau ita da kanta ta yi shi. Idonsa ya cika da ƙwalla har sai da ya goge da hannun riga don ya ga gabansa.

Da ta gama, ta koma ƙarshen filin ta cire hularta ta ɗaga sama, ta sake ta. Iska ta ɗauke ta ta yi yamma da ita. Fergus ya gane: tana nuna masa inda iska ke kaɗawa.

Ya juyo ya saita hanci. Suna dab da ƙasa inji ya yi tari na ƙarshe, farfela ta tsaya cak. Babu sauran ƙara sai shuuu na iska. Tayoyi suka taɓa ciyawa, jirgin ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya gangara yana jijjiga, ya tsaya.

Clarrie ya buɗe ƙofa ya faɗo ƙasa ya rungumi ciyawa.

Anti Beryl ta iso a kan babur, gashinta fari a hargitse, hannunta na zubar da jini inda waya ta yanke ta, da ɗan tunkiya a cikin rigarta. Ta dubi Clarrie ta ce wa Fergus, "Wannan buhun fa, a gari ka sayo shi?"

Fergus ya cire hula. "Anti, na bi ta kan rufinki. Na karya alkawari. 'Ya'yan tumakinki kuma..."

"Wasu za su mutu," ta ce. "Na sani tun kafin in yanke wayar."

"To ta yaya kika gane? Ba waya, ba oba-oba. Ai kina iya ɗauka rashin kunya ce."

Tsohuwar ta shafa kan ɗan tunkiyar. Da ta yi magana, babu reza a bakin.

"Da wannan sakaran ne ke tuƙi, da bindiga zan ɗauko. Amma kai? Duk ranar da ka tafi gari, ba na shiga ɗaki sai na ji injinka ya yi ƙasa da murya can ta bakin kogi. Sai in ce, to, yaron nan ya dawo, kuma ya tuna da ni. Tun da maigidana Haddow ya rasu, wannan ce gaisuwar da ba ta taɓa yanke min ba. Yau da na ji ka a kan rufina, ban ji ƙarar jirgi ba, Fergus. Kuka na ji."

Clarrie ya tashi zaune.

Ta ciro ɗan tunkiyar daga rigarta ta danna masa a ƙirji. "Riƙe nan, mai bakin ganga. Ruwan nan ba yau zai janye ba, kuma duk wanda uwarsa ta ƙi, ku za ku ba shi madara a kwalba." Ta juya ga Fergus. "Kai kuma je ka kira matarka kafin zuciyarta ta tsaya. Ƙofa a buɗe take, shayi yana kan murhu."

Fergus ya nufi gidan, ya shiga ƙarƙashin rufin da ya yi shekaru yana zagayewa.

Darasi: Wanda ya saba takura wa maƙwabta, ranar da ya yi ihun gaske za a ɗauka halinsa ne. Wanda kuwa ya kiyaye haƙƙinsu, ko ba a taɓa ce masa an gode ba, motsi ɗaya zai yi a taso masa. Kada rashin godiya ya sa ka daina alheri, ba ka san wanda ke saurarenka daga bayan shinge ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman maƙwabcin da kuka daɗe ba ku gaisa ba.