Ranau da Bishiyar Ƙarshe

A wani zamani mai nisa, a gindin Dutsen Taɓa-Sama, an yi wani birni mai ganuwar tagulla ana ce da shi Kandarawa. Sarkinsa Tunau, jikan maƙera, mai faɗa a ji, ɗa guda tak ya haifa, Ranau, dogo, kakkaura, mai jan ido, wanda in ya ƙullaci mutum sai dai Allah ya kyauta. Tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakanin birnin da Ƙanƙarau, sarkin aljannun ƙololuwa: duk inda itace ya tsiro na mutane ne, daga bishiyar ƙarshe zuwa sama kuwa, inda sanyi ba ya barin komai ya yi tsawo sai gajeriyar ciyawa da furanni masu rarrafe, na aljannu ne. Wata rana Sarki Tunau ya bi barewa, ya wuce iyaka bai ankara ba. Aka tsinto shi a sandare kamar muciya, raɓa ta daskare a gemunsa.

Ranau bai zubar da hawaye ba. Ya ture rawani, ya rantse ba zai naɗa ba sai ya bar Ƙanƙarau ba shi da wurin sa ƙafa. Ya ratsa kwazazzabai masu duhu masu zurfi, ya wuce garuruwan da ƙofofinsu ke magana, har ya isa fadar Uwar Kurmi, sarauniyar aljannun itatuwa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, me ya tsayar da 'ya'yanki a tsakiyar dutse?"

Ta ce, "Sanyi ne, ɗan sarki. A kwari, inda iska ba ta dukansu, suna ɗan taɓukawa, haka ma gefen da rana ke fara taɓawa. A kan tudu kuwa iska ke durƙusar da su, su tsufa ba su wuce gwiwa ba. Ka ɗumama mini dutsen, ka ga aiki."

To, ka san jikan maƙera da wuta. Ranau ya komo, ya sa aka kewaye dutsen da maƙeru, aka yi ta zuga dare da rana, shekara da shekaru, har sama ta yi jawur, damina ta rikice. Itatuwa suka fara hawa, ta kwari tukuna, sannan suka bazu bisa tuddai. Duk inda suka kafa inuwa, ciyawar aljannu ta yi rawaya ta mutu, furanni suka yi ta ja da baya zuwa sama. Ranau yana biye, yana murna irin ta mugunta, zuciyarsa fari ƙal.

Ranar da ya kai ƙololuwa, furfura ta riga ta fito masa. Ya tarar da Ƙanƙarau, mai rundunar da a da ke rufe rana, a takure bisa wani ɗan fili da bai fi buzu ba, ya kare ragowar ciyawar da hannuwansa.

"Ya ɗan Tunau, na kashe ubanka, ban musa ba, ga wuyana. Amma ka bar wannan. Ita ke shan gajimare, ta riƙe, ta riƙa sakar muku a hankali har ya zama koginku."

Ranau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe aljani ma ya iya magiya? Da ka sandarar da tsohona, wa ka saurara wa?" Ya sunkuya ya tumɓuke ciyawar da saiwarta, ya watsa wa iska. Ƙanƙarau ya dube shi da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo, sannan ya narke ya bi ƙasa.

Da Ranau ya sauko birni, aka tarye shi da tambura da algaita, maroƙa na kirari har muryoyinsu suka dushe. Aka zaunar da shi don wankan sarauta, kamar yadda aka yi wa kakanninsa, aka aiki bayi kogi su ɗebo ruwa. Shiru, shiru, har rana ta karkata. Can sai ga babbansu ya shigo, ya durƙusa, ya ajiye ƙwarya a gaban sabon sarki. Rabinta laka ce.

"Allah ya ja zamaninka," in ji shi, "mun tona har ƙugu. Iyakar abin da ya saura ke nan."

Da shi aka yi wa Sarki Ranau wanka. Allah ya raba mu da fushin da ba ya jin kira.