Lakar da Bushiya ta sa a daddawa

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna!

A wani gari akwai Bushiya, mai daddawa. A wajen uwarta ta gaji sana'ar. Takan wuni tana dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe kwana uku. Kowa ya ɗora miya, wajenta yake aikowa.

Sai Gafiya ta zo ta kafa faifanta dab da nata. Daddawarta manya-manya. Mutane suka fara tsayawa can.

Bushiya tana kallo ta gefen ido. Ta ce a ranta, "Wannan mai doguwar wutsiyar, jiya-jiya ta zo, ita za a yi wa layi?"

Ta tafi bakin kududdufi ta ɗebo baƙar laka, ta kwaɓa da kalwarta. Daddawa ta fito fankama-fankama, ta fi ta Gafiya. Kafin azahar faifai ya ƙare.

Washegari Zomo ya zo. "Gwaggo Bushiya, miya na sa a yi mini ko yaɓen ɗaki?"

Kura ta zo riƙe da muƙamuƙi. "Ke, ƙashin raƙumi bai taɓa karya mini haƙori ba sai miyarki!"

Giwa ma ta zo. Ta ajiye daddawar, ta taka, ta wuce wajen Gafiya.

Shi ke nan. Ko ƙuda ya daina sauka a faifan Bushiya.

Ran kasuwa ta farko Bushiya ta yi ta rantsuwa wai ba ta sa laka ba, har muryarta ta dushe. Zomo ya ce, "Rantsuwa ba ta shiga tukunya, Gwaggo."

Ran kasuwa ta biyu ta ce ai Gafiya ma haka take yi. Kura ta ce, "Tata dai na sha, haƙorana suna nan."

Bushiya ta koma gida ta zauna. Can dariyar Gafiya take jiyowa, kamar ana soka mata ƙayarta a ciki. Ta dubi tukunyar uwarta, ta ce, "Ni na ɗebo lakar nan da hannuna. Allah na tuba."

Ran kasuwa ta uku ta zo da daddawa ƙanana irin na da, ta ajiye ƙwaryar ruwa a gefe. Ta ɗaga murya: "Jama'a, na cuce ku, laka na sa. Yau kowa ya zaɓa da hannunsa ya dama a ruwa. In akwai laka, za ta kwanta a ƙasa."

Ba wanda ya motsa. Sai Gafiya ta taso tana yatsina, don ba ta son a koma wajen Bushiya. "Bari in tona miki asiri, 'yar ƙaya."

Ta zaɓi ta sama, ta dama, ta tsiyaye. Ba komai. Ta zaro ta tsakiya. Ba komai. Ta tono ta can ƙarƙashi, ta dama har hannunta ya gaji. Ƙasan ƙwarya fes, ƙamshi ya cika kasuwa.

Zomo ya ce, "Sannu da talla, Gafiya. Gwaggo, ba ni ɗaya. Ɗaya tak, sai na ga miyar."

Kura sai da ta yi wata uku kafin ta dawo. Giwa kuwa har yau ba ta dawo ba.

Shi ya sa mai sayen daddawa sai ta gutsura ta shinshina kafin ta saya. Bushiya kuma, da ta ga mutum sai ta dunƙule, kunyar lakar nan ce. Ku kuma, in kun ɓata, ku faɗa da bakinku, ku bari a gwada ku.

Ƙurunƙus! A tashi a yi alwala.