Ruwan Amsa

An yi wani sarki a Birnin Gawasa, sunansa Zubairu ɗan Ishaƙu, mai haƙuri da son adalci, wanda ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: Larabar farko ta kowane wata wakilan unguwanni su taru a zauren shawara, kowa ya yi wa masu riƙe da al'amuran ƙasa tambaya guda, su kuwa su amsa a gaban sarki da jama'a. Al'ada ce kyakkyawa, amma ka san ɗan Adam, ko zuma ka ba shi ajiya sai ya san yadda ya tsarma ta da ruwa. Sannu a hankali tambayoyin suka koma kirari, har sai ka ga ƙato da gemunsa ya miƙe yana tambayar Waziri yadda aka yi ya fi dukkan waziran duniya hikima.

Rannan abin ya ishi sarki, ya ce: "Shekara bakwai ke nan ban ji tambayar da ta sa wani ya yi gumi a zauren nan ba. Ko dai ƙasata ta zama Aljanna ban sani ba, ko kuwa majalisata barci take yi da ido buɗe." Ya yi shela cewa a zama mai zuwa, wanda duk tambayarsa ta bayyana masa abin da aka ɓoye masa zai ga alheri, wanda kuwa ya zargi wani ba hujja zai ajiye sandar wakilci ya koma gida.

To, cikin wakilan akwai Tanimu Majemi na Unguwar Majema, wanda shelar nan ta hana shi sakat. Rijiyar unguwarsu ta rufta tun bara, ruwanta ya yi kore yana wari, mata sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa Rafin Ɗinya kafin a ɗora tukunya. Sau uku yana tambayar Waziri Ɗahiru. Da farko aka ce an ji, na biyu aka ce ana nan ana dubawa, na uku kuwa Waziri ya ce an yashe ta har an ɗaure bakinta. Yanzu in ya ce ƙarya ne, bakinsa ne da bakin Waziri, kuma duk manzon da za a aika ya gano, tuwon gidan Waziri yake ci. In kuma ya yi shiru, mutanen unguwa sun riga sun gaya masa kada ya dawo musu da sandar.

Yana zaune ya yi tagumi sai ga ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Kuluwa, tsohuwar da harshenta ya fi aska. Ta ce da shi da tulun da ya huje duk ɗaya, a kai shi rafi ya dawo wayam. Da ta gama wanke shi tas, ta tambaye shi wane ruwa Waziri ke sha kafin ya amsa. Ya ce na randar fada mana, dogari ke miƙa masa. Tsohuwa ta yi tsaki, ta ce a zamanin mahaifinta mai tambaya ne ke zuwa da ruwan unguwarsu a gora ya shayar da mai amsa, don a san tambaya ba gaba ba ce, lalacin wakilai ne ya bar wa dogarai aikin. Sai Tanimu ya fara murmushi.

Ran Laraba zaure ya cika. Da aka zo kansa, ya miƙe da gora a rataye, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Allah ya ja zamanin sarki. Ina roƙon Waziri, Allah ya ƙara masa girma, ya sanar da majalisa halin da rijiyar Majema ke ciki." Waziri ya gyara rawani, ya ce ai wannan magana ta wuce, rijiya ta gyaru, ruwanta garau kamar idon zakara. Tanimu ya yi godiya, ya nemi gafara cewa ya manta da ladabin magabata, ya tsiyaya ruwa a ƙoƙo ya miƙa da hannu biyu. Sarki ya dubi Alƙali, Alƙali ya ce hakika haka al'adar take a asali, ba kuwa wanda ya soke ta.

Waziri ya karɓi ƙoƙo kamar an miƙa masa garwashi. Ya ce ba ya jin ƙishirwa. Aka ce kurɓi ɗaya ya wadatar. Ya ce azumin nafila yake yi, alhali goro ya rina masa baki jawur. Zaure ya fara motsi, wasu na tura fuska cikin hannun riga. Daga ƙarshe ya ajiye ƙoƙon, gumi na bin gefen rawaninsa, ya ce: "Ranka ya daɗe, a yafe mini. Rijiyar nan ba a taɓa ta ba."

Sarki ya sa aka miƙo masa ƙoƙon, ya sansana, sai kawai ya kafa kai ya shanye, fadawa na salati. Ya ce ai ruwan nan ba abin da ya same shi. Tanimu ya ce: "Allah ya taimaki sarki, na Rafin Ɗinya ne, shi ne ruwan unguwarmu yanzu, Gwaggona ce ta ɗauko shi a ka. Ban zo in cuci cikin Waziri ba. Da ya sha, da na san na ƙasa da shi ne suka ruɗe shi, sai in roƙe shi ya je ya gani da idonsa. Da ya ƙi, majalisa ta ga abin da ya sani."

Sarki ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya tufatar da Tanimu riga da rawani, ya tabbatar masa da sandarsa, ya aika wa Gwaggo Kuluwa turmin zane da saniyar tatsa. Ya umarci Waziri ya tare a Unguwar Majema, kada ya sha wani ruwa sai wanda ya ɗebo da kansa, har ran da rijiya za ta gyaru. Aikin da ya gagara shekara guda, cikin kwana tara ya ƙare, Gwaggo Kuluwa na zaune a bakin rijiya tana ba Waziri shawarar da bai nema ba.

Daga ranar aka mayar da al'adar gora, sarki kuma ya ƙara wa kowane wakili damar sake tambaya in amsar farko ba ta ƙosar ba. Aka ce har masu gyaran hanya da masu tsaron kasuwa suka shiga taitayinsu, don ba wanda ya san abin da za a tsiyaya masa wata mai zuwa.

Masu hikima sun ce: mulkin da ba a tambayarsa rijiya ce da ba a yasa, kuma adalin shugaba shi ne wanda zai iya shan abin da ya shayar da talakawansa.